Tsohon Rumbu a Matsayin Ginin Tarihi: Darasi Daga Ƙasar Bauci

GABATARWA

Duk baƙon da ya sauka birnin Bauci yana son ganin kayan tarihi, wurare uku aka saba kai shi. Za a nuna masa fadar Mai Martaba Sarki, a bi da shi ta gindin ragowar ganuwa, sa'an nan a kai shi kabarin Firayim Ministan Nijeriya na farko, marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. In kuwa baƙon mai sha'awar gine-gine ne, sai a ƙara masa da tafiyar kimanin kilomita 45 arewa da birni, zuwa Kafin Madaki, ya ga gidan nan na Madakin Bauci wanda ya yi suna. Dukan waɗannan wurare sun cancanci ziyara. Amma akwai wani gini guda wanda baƙon nan zai yi ta wuce shi a hanya, tsaye a bayan danga ko a tsakar gida, ba kuwa wanda zai ce masa ya dakata ya duba. Wannan gini shi ne rumbu.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu cewa tsohon rumbu yana cikin gine-ginen da ya wajaba al'umma ta kiyaye, domin hatsin da ke cikinsa ne ya ciyar da waɗanda suka gina ganuwa da fada. An ɗauki ƙasar Bauci misali, amma maganar ta shafi kowane gari na Tarayyar Nijeriya inda ake noma a ajiye.

1. MENE NE GININ TARIHI?

Ginin tarihi shi ne duk ginin da, in an dube shi da idon basira, zai sanar da 'yan baya yadda magabata suka zauna. Masana sukan duba abubuwa huɗu kafin su ba gini wannan matsayi. Na farko, daɗewarsa. Na biyu, dangantakarsa da wani babban al'amari ko wani mutum sananne. Na uku, gwanintar da aka nuna wajen gina shi. Na huɗu, irin shaidar da yake bayarwa game da ci da sha da sana'ar jama'a. Girman gini ko darajar mai shi ba sa cikin sharaɗi. Saboda haka rijiya, ko marina, ko maƙera, ko rumbu, kowannensu yana iya shiga sahu ɗaya da soron sarki.

A ƙasar nan, an kafa dokar kiyaye kayan tarihi tun shekarar 1953. A ƙarƙashinta ne aka sa Gidan Madaki na Kafin Madaki cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa a shekarar 1956, watau yana cikin na farko-farko da suka sami wannan daraja. A shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Doka ta 77, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ita ce ke da alhakin bincike da ba gwamnati shawara kan abin da ya kamata a kiyaye. Da zarar an bayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa, to, rushe shi ko ɓata shi da gangan ya zama laifi a gaban shari'a.

2. YADDA AKE GINA RUMBU

Rumbu iri biyu ne a mafi yawan ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Akwai na kara ko na zana, wanda akan yi cikin 'yan kwanaki, ya yi shekara biyu ko uku a sake wani. Akwai kuma na ƙasa, wanda a wurare da yawa ake kira rufewa, shi ne mai daɗewa, kuma a kansa wannan darasi ya fi tsayawa.

Magini yakan fara da jera manyan duwatsu a ƙasa, ya ɗora itatuwa masu ƙwari a kansu, ya shimfiɗa gindin rumbu a bisa. Wannan ɗagawa tana da amfani uku: damshin ƙasa ba ya taɓa hatsi, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, kuma in gara ta fara hawa, mai gida zai ga hanyarta a jikin dutse tun ba ta kai ciki ba. Kaji ma sukan fake a inuwar wurin, suna tsince ƙwarin da suka nufo rumbu.

Daga nan sai a kwaɓa jar ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana biyu ko fiye tana tsima. Ba a amfani da tubali irin na ginin ɗaki. Da hannu magini yake ɗora ƙasar, zagaye bayan zagaye, kamar yadda mai ginin tukwane take ɗaga randa, kuma ba ya ƙara sabon zagaye sai na ƙasa ya sha iska. Yana tafe yana buɗa cikin, har ya kai inda ya fi fāɗi, sa'an nan ya riƙa tsukewa zuwa baki. Bangon ba shi da kauri sosai, amma siffarsa mai kama da ƙwai tana raba nauyin hatsin ko'ina daidai, shi ya sa ba ya fashewa. A ƙarshe a yi masa murfi, a kifa jinka a kai domin ruwan sama ya zube nesa da bango.

Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Don haka cikin rumbu yakan zauna da sanyi-sanyi ko da rana ta take a bazara. Gero da dawa kuwa akan zuba su dami-dami, a zangarniyarsu, ba a sussuke ba, domin ƙaiƙayi da kansa kariya ne daga ƙwari. Mai karatu zai tuna cewa irin wannan shawara ce Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar sa'ad da aka hango shekaru bakwai na fari. Geron da aka busar sosai, aka ajiye shi haka, yana iya yin shekaru bai lalace ba.

Wanda ya lura da duk wannan zai gane cewa ilmi ne aka tara a hankali, ɗa ya gāda daga uba, ba a rubuce ba. Siffar rumbu ma takan bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Wanda ya san ƙasar Bauci, in ya bi ta garuruwan Gerawa da Jarawa da Sayawa da Warjawa da Fulanin gida, zai ga kowa da irin hannunsa: na wasu gajere ne mai ƙaton ciki, na wasu dogo ne siriri, wasu kuma sukan raba cikin gida-gida domin a zuba hatsi iri daban-daban.

3. RUMBU DA KAFUWAR BAUCI

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya karɓo tutar jihadi ta wannan yanki. Ya zauna a Inkil tukuna, kafin ya kafa birnin Bauci a shekarar 1809, ya kuma yi sarauta har rasuwarsa a shekarar 1845. An kewaye birnin da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10, mai ƙofofi waɗanda sunayensu suke bakin jama'a har yau, kamar Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Jahun da Ƙofar Wambai.

To, sai mai karatu ya tambayi kansa. Dubban mutanen da suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗora wannan ganuwa rani bayan rani, me suka ci? Dawakin mayaƙa, me aka zuba musu? Malamai da almajiran da suka taru a sabon birni, da maƙera da masaƙa da marina waɗanda ba su da lokacin noma, daga ina tuwonsu ya fito? Amsa ɗaya ce, daga rumbunan manoma. Birni ba ya kafuwa sai ƙauye ya noma abin da ya fi ƙarfin cikinsa, ya kuma san yadda zai adana ragowar daga kaka zuwa kaka.

A zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1845 zuwa 1877, an sha gwabzawa tsakanin Bauci da mutanen duwatsun Ningi. A kan wannan hanya ta arewa Kafin Madaki yake, garin tsaro ne, kamar yadda sunansa ya nuna, domin kafi shi ne shingen da ake kewaye gari da shi saboda hari. A can ne, wajen shekarar 1860, aka gina Gidan Madaki, aikin da ake dangantawa da Babban Gwani, mashahurin maginin nan wanda sunansa ke tafe da na Masallacin Juma'a na Zariya. Masu ziyara sukan tsaya suna mamakin bakan gizo da jerin azarar da ke rufin sorayen, kuma abin ya isa mamaki. Sai dai a tuna, garin da aka rufe ƙofarsa saboda abokan gāba, kwanakin da zai jure daidai suke da yawan damin da ke cikin rumbunansa. Haka nan su ma mazauna kan duwatsu, da hatsin da suka ajiye can sama suka dogara duk sa'ad da sauka fili ya gāgara. Ashe kowane ɓangare da rumbu ya yi yaƙi. Saboda haka tarihin rumbu na kowa ne, ba ya ware ƙabila ko addini.

4. SHAIDU UKU DA RUMBU KE BAYARWA

Shaida ta farko, a kan tsarin iyali. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma gona ɗaya, akwai babban rumbu wanda mai gida kaɗai ke da ikon buɗewa, daga cikinsa ake fid da awon yau da kullum. Ban da shi akwai ƙanana, inda samari da matan gida suke zuba abin da suka samu a gayaunarsu. Wanda ya ƙirga rumbunan tsohon gida, ya dubi girmansu da inda aka kafa kowanne, ya karanta yawan mutanen gidan da yadda aka raba iko a tsakaninsu. Yawan rumbuna kuma shi ne ma'aunin arzikin mutum. A al'adar Hausawa ta dā, manomin da ya tara dami dubu shi ake yi wa biki a kira shi Sarkin Noma.

Shaida ta biyu, a kan addini da mulki. Shari'a ta wajabta zakkar hatsi, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, muddin amfanin ya kai nisabi. A zamanin Daular Sakkwato da dami ake karɓar wannan zakka, tilas kuwa a sami inda za a zuba ta a hannun dagatai da hakimai kafin a raba. Bayan Turawan Ingila sun ci Bauci a shekarar 1902, sannu a hankali haraji ya koma na kuɗi. Manomi ya shiga sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, domin ya biya. Wannan canji ya rage abin da ke kwana a rumbu.

Shaida ta uku, a kan yunwa. Tsofaffi sun bar mana labarin yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu yawa a Arewa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda kuma sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu. A irin waɗannan shekaru, gidan da ke da rumbun bara da na bara waccan shi ke tsayawa, har ya tallafi maƙwabta da rance ko sadaka. Wanda ba shi da shi sai ya sayar da dabba, ya jinginar da gona, daga bisani ya yi ƙaura. Akwai zuriyoyi da yawa a yau waɗanda dalilin wanzuwarsu a garinsu shi ne wani rumbu guda da kakansu ya ƙi buɗewa sai da wuya ta kai wuya.

5. YADDA WASU WURARE SUKA YI

A ƙasar Ingila akwai wani ƙauye, Great Coxwell, inda wata rumfar ajiyar hatsi ta dutse, mai tsawon fiye da mita 40, take tsaye tun wajen shekarar 1292. Malaman addinin Kirista ne suka gina ta domin amfanin gonarsu. Ta shiga hannun ƙungiyar kiyaye kayan tarihi ta National Trust a shekarar 1956, watau shekarar da aka ɗaukaka Gidan Madaki a nan gida, kuma mutane suna zuwa kallonta daga nesa.

A Afirka ta Yamma, Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa duwatsun Bandiagara na ƙasar Mali cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1989, kuma rumbunan ƙasa na Dogon suna cikin abubuwan da wurin ya yi fice da su. A shekarar 1999 Sukur, da ke yankin Madagali a Jihar Adamawa, ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri, da gonakinsa na kan dutse da hanyoyinsa da rumbunansa. A Jos kuma, kusa da gidan tarihin da aka buɗe a shekarar 1952, akwai filin adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya, wanda Farfesa Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya yi wa hidima bayan ya shafe shekaru yana auna gine-ginen ƙasar nan.

Akwai kuma darasin rashi. Dalar gyaɗa ta Kano ta yi suna a duniya, amma bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sai ta ɓace, yau sai a hoto yaro zai gan ta. Abin da kowa ke gani kullum shi ya fi saurin salwanta, domin ba wanda ke zaton zai ƙare.

6. ABUBUWAN DA KE KASHE TSOFAFFIN RUMBUNA

Na farko, canjin hanyar ajiya. Manoma da yawa sun koma sussuke hatsi su zuba a buhu, su kulle a ɗaki mai rufin kwano, wasu don sauƙin kai wa kasuwa, wasu don tsoron ɓarayi da gobara. Ba laifi ba ne mutum ya bi abin da ya fi masa amfani, amma rumbun da aka daina zuba wa hatsi an daina duba shi ke nan.

Na biyu, fāɗaɗar gari. Birnin Bauci ya zama hedkwatar jiha a shekarar 1976, tun daga sa'an nan unguwanni suke ta cinye gonaki da ƙauyukan kewaye. In an zo raba gādo ko yanka fuloti, rumbu ne abin farko da ake turewa.

Na uku, sakaci. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. In jinka ta ruɓe aka bar ta, damina ɗaya ta isa ta buɗe tsaga, Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, gyaran da ba na ilmi ba. Wasu sukan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin alheri. Siminti yana tsare damshi a ciki, ƙasar ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle ya tafi da rabin bango.

Na biyar, kuma mafi tsanani, ƙarewar magina. Rumbun da ya faɗi ana iya tā da wani muddin mai ilmin yana raye. In ya rasu bai koya wa kowa ba, an yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

7. ABIN DA AKE BUKATA GA KOWA

(a) Mai tsohon rumbu ya sabunta jinka kafin faɗuwar ruwa, ya yaɓe tsaga da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, ya share ciyawa daga gindi, ya kuma gyara magudana don kada ruwa ya kwanta. A garin Jenne na ƙasar Mali, jama'a sukan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, shi ya sa yake tsaye tun 1907.

(b) A tambayi dattawan gida: wa ya gina shi, a zamanin wane sarki, dami nawa yake ci, wace yunwa ya fid da gidan daga cikinta? A rubuta amsar da boko ko da ajami, a ajiye tare da takardun gida.

(c) In ya zama dole a rushe, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska tukuna, a auna tsawo da fāɗi, a rubuta.

(d) Masu unguwanni da dagatai da hakimai su san tsofaffin rumbunan da ke ƙasarsu. Wanda ya yi fice wajen daɗewa ko girma ko labari, a sanar da ƙaramar hukuma da ofishin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi mafi kusa.

(e) Malaman makaranta su kai yara su gani, domin gani ya kori ji. Sarakunan magina kuma su tabbata kowane gwani yana da yaron da yake koya wa.

KAMMALAWA

Ba kowane rumbu ne gwamnati za ta sa cikin jerin gine-ginen ƙasa ba, kuma hukuma ba ta da ma'aikacin da za ta tsayar a kowane gida. Mafi yawan wannan aiki yana wuyan masu gida da shugabannin jama'a. Ya kai ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsohon rumbu a gidanku, ka je ka dube shi tun kafin damina mai zuwa, ka kuma zauna da wanda ya fi kowa shekaru a gidan ka ji labarinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Kawo abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a kira gini ginin tarihi.
2. Don me ake ɗora rumbu a kan duwatsu, kuma don me ake ajiye gero a zangarniyarsa?
3. Bayyana dangantakar rumbu da tsaron gari, ka kawo misali daga ƙasar Bauci.
4. Wace illa siminti ke yi wa bangon ƙasa?
5. Nemi rumbun da ya fi daɗewa a garinku, ka rubuta tarihinsa cikin shafi ɗaya.